Mudu da Sikeli: Awon Danƙaruwar Kaya a Kasuwar Singa

Wanda duk ya taɓa tsayawa a bakin wani sito a Kasuwar Singa da hantsi, sa'ad da 'yan dako suke sauke kaya daga tirela, zai ga wani abin da ido ya saba da shi har ya daina tambaya a kansa. Buhun gishiri da buhun sukari da buhun fulawa, ko da kowannensu kilo 50 ne, ba su zama girma ɗaya ba. Na gishiri ɗan dunƙule ne, na sukari ya ɗara shi, na fulawa kuwa ya fi su duka cika ido. Sikeli ya ce ɗaya suke, ido ya ce sun bambanta, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Abin da ya shiga tsakani shi ne wanda masana kimiyya suke kira densiti, watau danƙaruwa: yawan nauyin da ya taru a cikin wani ƙayyadadden gurbi.

Wannan kasuwa, wadda take a ƙasar Fagge daura da kasuwar Sabon Gari, wadda kuma ta gaji sunanta daga kamfanin kekunan ɗinki na Singer, ita ce cibiyar sarin kayan masarufi a Kano. Daga nan sukari da shinkafa da taliya da man girki da sabulu suke bazuwa cikin jihohin Arewa, har su tsallaka Nijar da Chadi da Kamaru. Abin lura shi ne, kaya suna shigowa da awo iri ɗaya su fita da wani. Kamfani yana sayarwa da tan da kilo, ɗan sari yana sayarwa da buhu da jarka da katan, mai tireda a unguwa kuwa yana sayarwa da mudu da kwano da kwalba da gwangwani. A kowace gaɓa ana juya nauyi zuwa girma, ko girma zuwa nauyi, kuma a wannan juyi ne riba take ƙaruwa ko ta zube ba tare da mai ita ya san inda ta bi ba.

Ma'ana da ma'aunai

Lissafin kansa ba shi da wuya. A auna nauyin abu, a auna girman gurbin da ya cike, sa'an nan a raba nauyin da girman. Abin da ya fito shi ne danƙaruwarsa. Idan an san biyu daga cikin ukun, na ukun ba ya ɓuya: girma sau danƙaruwa yana ba da nauyi, nauyi a raba da danƙaruwa yana ba da girma. Ɗaliban kimiyya za su tuna cewa akwai bambanci tsakanin yawan kayan da ke jikin abu da ƙarfin da ƙasa take janyo shi da shi, ko da yake Hausa tana kiran duka biyun nauyi. A nan ana nufin na farkon, wanda ake faɗa da giram da kilo da tan.

Ma'aunin da duniya ta amince da shi a tsarin da aka tabbatar a 1960 shi ne kilo a kowace kubik mita. Kubik mita kuwa ita ce cikin akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa kowanne mita ɗaya ne, kuma tana cin lita 1,000. A ɗakin gwaji an fi amfani da giram a kowace kubik santimita. A kasuwa wanda ya fi sauƙi shi ne kilo a kowace lita. Waɗannan biyu na ƙarshe lambarsu ɗaya ce, domin lita tana da kubik santimita 1,000, kilo ma yana da giram 1,000. Don komawa kilo a kubik mita sai a ninka sau 1,000. Alal misali, man da yake kilo 0.91 a lita, shi ne giram 0.91 a kubik santimita, shi ne kuma kilo 910 a kubik mita. Yawancin kurakuran da ake gani a takardun ofis da na jarrabawa daga sifili ukun nan suke tasowa.

Ruwa shi ne uban tafiya a wannan awo, kuma da gangan aka yi haka. Lokacin da Faransa ta kafa tsarin mita bayan juyin juya halinta, dokar 1795 ta ɗora giram a kan nauyin ruwan da ya cika kubik santimita ɗaya. Saboda haka lita ɗaya ta ruwa ta zama kilo ɗaya. A 1889 aka mai da wani ɗan curin ƙarfe da aka ajiye kusa da Paris ya zama ma'aunin kilo na duniya, a 2019 kuma aka sauke shi aka ɗora kilo a kan wata tabbatacciyar lamba ta ilmin fizik. Duk da haka dangantakar ruwa da kilo ba ta gushe ba: a digiri 4 na ma'aunin Salsiyas lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce sai ɗan abin da ba a rasa ba, a digiri 25 giram 997, a digiri 40 kuwa giram 992. Idan aka raba danƙaruwar wani abu da ta ruwa, sai a sami lamba tsura wadda ba ta da ma'auni, mai nuna sau nawa abin ya fi ruwa nauyi ko ya kasa shi. Wanda lambarsa ta kasa 1 yana taso kan ruwa, wanda ta wuce 1 yana nutsewa.

Kafin Nijeriya ta koma tsarin mita a shekarun 1970, lokacin da ta canja hannun tuƙi a 1972, ta fito da naira da kwabo a 1973, ta kuma yi dokar awo da ma'aunai a 1974, ma'aunan Ingila ne suke ci. A wancan tsari ana faɗin danƙaruwa da laba a kowace kubik ƙafa, ruwa kuma laba 62.4 ne. Laba ɗaya a kubik ƙafa daidai take da kilo 16 da ɗan ɗoriya a kubik mita. Galan ɗin Ingila lita 4.546 ne, asalinsa kuwa a 1824 shi ne gurbin da laba 10 ta ruwa take cikewa. Na Amurka lita 3.785 ne kawai. Garwar kananzir, wadda iyaye da kakanni suka auna man gyaɗa da ita, galan 4 ce, watau lita 18 da kaɗan. Sunan galan bai mutu ba, amma ya rabu da ma'anarsa: robar da ake kira galan a kasuwa yau, wata lita 4 ce, wata lita 5. Ma'aikacin da aka ba shi takardar saye mai cewa galan kaza, lalle ne ya tambaya galan na wa.

Jarkar mai

A sashen mai ne wannan lissafi ya fi nuna amfaninsa. Mutane da yawa suna ɗauka mai ya fi ruwa nauyi saboda ya fi shi kauri. Kauri daban, danƙaruwa daban. Kauri yana nuna jinkirin abu wajen zuba, danƙaruwa kuwa nauyinsa a lita. Man gyaɗa ya fi ruwa kauri nesa ba kusa ba, amma litarsa wajen giram 910 ce, shi ya sa yake taso kan miya. Saboda haka jarka mai lita 25 ba ta ɗauke da kilo 25 na mai. Lita 25 sau 0.91 kilo 22.75 ke nan.

A ƙaddara wani ɗan sari ya karɓi jarka 400, kowace an ce lita 25 ce. Jarkar roba ba ta da tabbas, domin takan kumbura ko ta lotsa, ido kuma ba ya iya raba lita 23 da lita 25 a cikinta. Amma in ya ɗora irinta wadda babu kome a ciki a kan sikeli ya ga kilo 1.2, ya san cikakkiya ya kamata ta kai kilo 23.95. In ya ɗora cikakkiyar ya ga kilo 22.1, sai ya cire nauyin jarka, saura kilo 20.9. Ya raba da 0.91, ya sami lita 23. An rage masa lita 2 a kowace jarka, watau lita 800 a lodin, daidai da jarka 32 cur. Bai buɗe murfi ko ɗaya ba, bai zuba mai a mazurari ba.

Haka kuma ta ɗaya ɓangaren. Mai sayen mai da tan daga matatsa, in ya ɗauka tan ɗaya lita 1,000 ne, zai sa ran jarka 40. Alhali kilo 1,000 a raba da 0.91 lita 1,099 ne, kusan jarka 44. A tanka mai tan 30 bambancin ya kai jarka 119. In mai kayan bai san da su ba, to, wani a tsakanin matatsa da sito ya sani.

Akwai kuma zafi, wanda a Kano ba abin wasa ba ne. Mai yana buɗewa in ya ji zafi, nauyinsa kuwa bai ƙaru ba, saboda haka danƙaruwarsa tana raguwa da misalin giram 0.7 a lita a kowane digiri. Tsakanin man da ya kwana cikin sanyin hunturu ya sauka digiri 15, da wanda ya yini a rana cikin watan Afrilu ya hau digiri 40, akwai digiri 25, watau giram 17 ko 18 a lita, kusan kashi 2 cikin 100. A jarka ɗaya abin ya doshi rabin kilo. Wanda ya saya da lita da tsakar rana ya sami ƙasa da wanda ya saya da asuba, ko da yake duro cike ba ya ɗaukar zafi ko ya huce nan da nan kamar iska. Wannan ne dalilin da ya sa a cinikin fetur da gas na duniya ake mai da kowane awo kan digiri 15 kafin a yi lissafin kuɗi, kuma lambar danƙaruwa da ba a faɗi zafin da aka auna ta a kai ba, rabin magana ce.

Taso da mai yake yi kan ruwa yana da wata fuska mai ban tsoro. Kasuwannin Kano sun sha gobara, ta kasuwar Sabon Gari ta watan Maris na 2016 kuwa har yanzu ba a manta da ita ba. Inda aka tara mai, in wuta ta kama shi, ruwan da aka watsa yana nutsewa ƙarƙashinsa, ya tafasa nan take, ya yi tsartuwa da mai mai ci, ko kuwa ya kwashe shi a bisa kansa ya kai shagon maƙwabci. Yashi da abin kashe wuta mai kumfa ko mai gari su ne maganinta. Fetur, wanda litarsa take tsakanin giram 720 da 780, da kananzir mai wajen giram 800, duk hukuncinsu ɗaya ke nan.

Abin da awo yake kamawa da wanda yake kuɓuce masa

Amfani da danƙaruwa don gane algus tsohon abu ne. Labarin Arkimidis na birnin Sirakus, a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, da kambin sarki Hiero wanda aka zargi maƙeri da gauraya shi da azurfa, sananne ne ga ɗalibai, ko da yake Vitruvius ne ya rubuta shi bayan wajen shekara 200. Wanda ba a cika ambata ba shi ne Abu Raihan al-Biruni, wanda aka haifa a 973. Ya ƙera wani ɗan tulu mai bututu a wuya, ya riƙa tsoma ƙarafa da duwatsu masu daraja a ciki yana auna ruwan da ya malalo, abin da ya samu ga zinariya kuwa ya yi kusa ainun da 19.3 da aka sani yau. Bayansa al-Khazini ya rubuta Mizan al-Hikma a birnin Marw wajen 1121, inda ya bayyana sikelin da ake auna abu da shi a iska da kuma cikin ruwa.

Dabarar ita ce, abin da ba shi da siffar da za a auna da rula, a tsoma shi cikin ruwa, gwargwadon hawan ruwan shi ne girmansa. Awarwaro mai giram 53 wanda ya ɗaga ruwa kubik santimita 3, danƙaruwarsa 17.7 ce, daidai da zinariya mai karat 22. In ya ɗaga 6, ta zama 8.8, jan ƙarfe ke nan aka yi wa wanka, sai fa in cikinsa rami ne. Azurfa 10.5 ce, dalma 11.3, baƙin ƙarfe 7.9. Da wannan ma ana iya tuhumar dutsen sikeli: na baƙin ƙarfe mai kilo ɗaya ya kamata ya ɗaga ruwa wajen kubik santimita 127.

Ga kayan ruwa akwai haidiromita, wani ɗan bututun gilashi mai nauyi a gindi, wanda yake nutsewa sosai a abu marar danƙaruwa, ya taso a mai danƙaruwa. Da irinsa ake gane madarar shanu da aka tsinka, domin ta ƙwarai wajen 1.03 ce, ruwa kuwa yana jawo ta zuwa 1. Da shi ake gane kananzir da aka surka da fetur, wanda yake fashewa a fitila da risho. Zuma mai kyau wajen kilo 1.42 ce a lita. In kashi ɗaya cikin biyar ruwa ne, sai ta sauko wajen 1.34, sikelin tebur ma ya ishe ta.

Amma fa kada a ɗora wa wannan awo abin da ya fi ƙarfinsa. Man gyaɗa da man waken suya da tataccen man ja duk suna tsakanin 0.90 da 0.93, saboda haka wanda ya gauraya mai tsada da mai araha, sikeli ba zai tona shi ba. Zumar da aka haɗa da dafaffen sukari mai kauri ma tana iya tsallakewa. Har zinariya tana da abokin gaba, wani ƙarfe da ake kira tangistan, wanda danƙaruwarsa kusan ɗaya take da tata. Irin wannan sai ɗakin gwaji, aikin hukumomi ne kamar NAFDAC wadda aka kafa a 1993, da hukumar ingancin kaya ta SON wadda asalinta yake komawa 1971. Lambar da ta kauce shaida ce cewa akwai matsala, lambar da ta dace kuwa ba shaidar tsarki ba ce.

Iskar da ke cikin mudu

Kayan gari da na tsaba suna da danƙaruwa iri biyu. Ƙwayar sukari ita kaɗai 1.59 ce, amma sukarin da aka zuba a kwano wajen 0.85 ne. In aka raba 0.85 da 1.59 sai a ga cewa sukarin bai cike fiye da kashi 53 cikin 100 na kwanon ba, saura duk iska ce a tsakanin ƙwayoyi. Gishiri ƙwayarsa 2.16, a zube wajen 1.2. Fulawa a sake wajen 0.55 ce, in an danna ta kuwa ta haura sosai. Wannan danƙaruwa ta zube ita ce ta shafi kasuwa. Kilo 50 na gishiri wajen lita 42 ne, na sukari lita 59, na fulawa a sake lita 91. Mai tireda da yake awo da kwano mai lita 3 zai sami kwano 14 daga na farko, kusan 20 daga na biyu, 30 daga na uku.

A nan ne rigimar mudu take. Tun da kusan rabinsa iska ce, hannun mai awo yana da iko a kanta. A zuba a hankali daban, a girgiza daban, a danna daban, a yi tozo ko a share baki daban. Mai saye yana so a girgiza, mai sayarwa yana so a tankaɗe. Sa'an nan mudun kansa ba ɗaya ba ne daga kasuwa zuwa kasuwa, kuma wanda aka bubbuga gindinsa ya shige ciki ba ya faɗa wa kowa. Ba a ce mudu ba shi da hujja ba: yana da araha, ba ya lalacewa, tsohuwa da yaro duk suna ganin cikarsa, kuma hatsin da aka jiƙa don ya yi nauyi ya fi cutar mai saye da sikeli. Amma ɗan kasuwar da ya saya da kilo zai sayar da mudu, in bai auna mudunsa a sikeli sau da yawa ya san matsakaicinsa ba, kuɗin da ya sa wa kayan cinta ce kawai.

Ko a wajen zakkar fid da kai wannan magana tana tasowa kowace shekara. Sa'i, wanda yake mudun Annabi huɗu, awon girma ne. Saboda haka in za a juya shi zuwa kilo, sa'in shinkafa da na gero da na dabino ba za su zo ɗaya ba, wannan kuwa yana cikin dalilan da suka sa ake jin lambobi daban daban. Masu niƙa alkama su ma suna duba nauyin lita 100 kafin su saya, mai kyau takan kai kilo 76 zuwa 80, wadda ta kasa haka sosai ƙwayarta ba ta cika ba, garinta kaɗan ne.

Mota da bene

Kowace mota tana da iyaka biyu, ta wuri da ta nauyi, danƙaruwar kaya ce take nuna wadda za a fara cimma. Kwantena mai ƙafa 20 tana da wajen kubik mita 33 a ciki, nauyin da aka yarda ta ɗauka kuwa wajen tan 28. Katan mai santimita 40 da 30 da 25 kubik santimita 30,000 ne, watau lita 30. In nauyinsa kilo 6 ne, kamar na kayan ƙwalama marasa nauyi, danƙaruwarsa kilo 200 ce a kubik mita, kwantenar za ta cika maƙil da tan 6.6 kacal. Sukari zai cika ta daidai lokacin da ya kai tan 28. Gishiri kuwa in aka cika ta da shi ya doshi tan 40, ya wuce ƙa'ida da tan 12 alhali ido yana ganin lodi ɗaya ne da na sukari. Karayar gatari da fashewar taya da lalacewar kwalta suna farawa ne daga mai lodin da yake auna mota da ido.

Haka lissafin yake ga gini. Buhunan sukari da aka jera tsayin mita 2 suna ɗora kilo 1,700 a kan kowace murabba'in mita ta daɓe, watau 850 sau 2. Na gishiri kilo 2,400. A ƙasa wannan ba kome ba ne. Amma benen da aka zana don zaman mutane, injiniyoyi sukan ƙiyasta masa kayan da ba su wuce kilo 150 zuwa 200 a murabba'in mita ba. Inda wurin ajiya ya yi tsada har aka mai da ɗakin sama sito, ana iya ɗora wa dakali ninki takwas ko goma na abin da aka gina shi dominsa. Jami'in tsara birni ko na ƙaramar hukuma da ya shiga irin wannan ɗaki, abin da yake bukata shi ne tef ɗin awo da sunan kayan da ke cikin buhunan: ya auna tsayin jerin, ya ninka da danƙaruwar kayan, ya gwada abin da ya fito da wanda aka rubuta a zanen ginin.